Soyayyar Shinkafa Mai Kurkum: Amsoshin Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini

Tun da na fara dafa soyayyar shinkafa mai kurkum a gidajen suna da walima a nan Birnin Kebbi, da wuya taro ya watse ba a samu wadda ta ja ni gefe ba. Wata amarya ce, wata uwar gida ce mai jikoki, amma tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Na tattaro su a nan kamar yadda aka yi mini su, na amsa da abin da hannuna ya saba.

Anti, wai kurkum da gangamau abu ɗaya ne? Mene ne bambancinsa da kori?

Abu ɗaya ne. Gangamau shi ne sunan da iyayenmu suka sani, kurkum ko kurkur kuma shi ya fi yawa a bakin masu kayan yaji yanzu. Saiwa ce 'yar'uwar citta, in kin karya ta sai ki ga cikinta launin ɗorawa mai duhu, kamar karas. Indiya ce ta fi kowace ƙasa noma shi, amma ana shuka shi a kudancin Kaduna, yankin da cittarmu ke fitowa.

Kori kuwa haɗi ne na kayan ƙamshi da dama, kuma kurkum ɗin da ke ciki shi ke ba shi launi. Ke nan duk wadda ta taɓa yin soyayyar shinkafa da kori ta riga ta ci kurkum. Abin da ya sa na fi son zuba shi zallarsa, ni ce ke riƙe da awo: launi daga kurkum, ƙamshi daga citta da tafarnuwa da masoro da na daka da hannuna. Kada kuma a haɗa shi da saiwar rawaya ta daji da ake rini da ita, wannan tsiro ne dabam.

Dole sai da shinkafar waje ko basmati za ta yi kyau?

Wannan tambayar tana taɓa ni. Muna zaune a jihar da fadamunta, daga Argungu da Augie zuwa Bunza da Suru har Yauri, ke ciyar da kasuwannin arewa da dama da shinkafa. A nan Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015. Daga gonakinmu aka kai wa Legas shinkafar nan mai suna Lake Rice a ƙarshen 2016. Ga kamfanin casar shinkafa na Labana a cikin gari, ga na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Duk da haka sai ki ji mace ta ce ba za ta yi soyayya ba sai ta samo 'yar waje.

Abin da soyayyar shinkafa ke bukata biyu ne: ƙwaya doguwa, kuma wadda aka yi wa gumi. Gumi yana dafa sitacin ƙwayar tun tana cikin ɓawonta, ta bushe ta yi tauri, shi ya sa in an dafa ba ta manne wa juna. Ita 'yar wajen da ake yabo ma gumin aka yi mata, da inji kawai. Irin shinkafar nan Faro 44 da manomanmu suka fi shukawa doguwa ce, tana yin wara-wara in an iya mata ruwa. Ta kamfani ce ko ta matan da ke gumi a gida, duk na yi da su.

Wadda ba za ta yi ba ita ce farar shinkafar tuwo. Aikinta ta narke ta kama jikinta, a bar ta wa tuwo da masa. Haka mai yawan karyayyu: gutsattsarin suna riga dogayen nuna, su zama kunu a tsakani. In kin je awo, ɗebi a tafin hannu ki duba. Basmati tana da daɗi, ba na musu, sai dai ba ta son ruwa da yawa kuma tana saurin karyewa wajen juyi.

To tsakuwa fa? Ita ce ke hana ni sayen 'yar gida.

Ki rege. Zuba shinkafar a ƙwarya ko kwano mai faɗi da ruwa, kina karkaɗawa a hankali kina tuttulo ta sama cikin wani mazubi, tsakuwar za ta kwanta a ƙasa. Sau biyu ya isa, sau uku in buhun ya yi datti. In tana da warin gumi, wanke ta da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ki ɗauraye har ruwan ya daina fari. Wankin nan yana da wani amfani: yana cire garin sitacin da ke jikin ƙwaya, wanda shi ke jawo danƙo.

Yaya, ki ba ni awo na gida mai mutum biyar.

Da ƙaramin gwangwanin madara nake awo. Shinkafa gwangwani 4. Romo gwangwani 5 da rabi. Garin kurkum ƙaramin cokalin shayi 1, a shafe, ba a tula ba. Man gyaɗa babban cokali 5, biyu na dahuwa uku na suya. Albasa manya 2, karas 3, koren wake cikin hannu biyu, koren tattasai 2, tarugu 1 ko 2 gwargwadon bakin gidanku. Tafarnuwa ƙwaya 4, ɗanyar citta kamar tsawon gaɓar yatsa, masoro rabin ƙaramin cokali, dunƙule 3, gishiri. Hanta kamar kwata kilo in da hali.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma gaskiya ne ga karas da albasa. Ga kurkum da ruwa kuwa, ki auna har sai hannunki ya saba.

Ki zayyano mini yadda ake yi tun daga farko.

Romo ne farko, shi ne ran girkin. Tafasa kaza ko naman miya da albasa ɗaya, rabin cittar, rabin tafarnuwar, dunƙule biyu da gishiri. Sa hantar a ciki na minti goma kacal ki tsame, in ta daɗe tana yin tauri kuma tana dusashe romon. Tace romon, ki ɗanɗana. Ya kamata gishirinsa ya ɗan fi yadda za ki so shi a baki, domin shinkafa za ta shanye.

Sai ki ɗora tukunya mai kaurin gindi, ki zuba mai cokali biyu, ki soya rabin albasa har ta yi laushi. Rage wuta sosai. Yanzu ne za ki zuba kurkum da masoro, ki juya kamar ki ƙirga ashirin zuwa talatin. Za ki ga man ya rine, ƙamshi ya tashi. Nan take ki juye wankakkiyar shinkafar da ta tsane, ki yi ta juyawa minti biyu ko uku har kowace ƙwaya ta sha man. Zuba romo da zafinsa, in ya tafasa ki rufe ruf, ki mayar da wuta can ƙasa. Minti 20 zuwa 25, ba buɗewa, ba juyawa. In kin buɗe, ki latsa ƙwaya tsakanin yatsu: ta nuna amma da sauran ƙarfinta, ba ta mulmule ba. Sauke, ki baza ta a babban tire ta sha iska, tururin ya fita.

Suyar kanta ba ta ɗaukar lokaci, saboda haka komai ya zama a yanke a gefenki kafin kasko ya hau wuta. Raba shinkafar kashi uku, kayan lambun ma haka. Mai cokali ɗaya a kasko mai faɗi, wuta da ƙarfi. Karas da koren wake su fara shiga, minti biyu, domin sun fi tauri. Sai albasa, citta, tafarnuwa, tarugu da hanta da kika yanka ƙanana. Sai shinkafa, kina ɗagowa daga ƙasa kina watsawa, ba dannawa ba, minti uku ko huɗu har ki ji tana ɗan tsalle a kasko. Koren tattasai da lawashi su ne na ƙarshe, su ji zafi kawai a sauke. Juye, ki sake da kashi na biyu.

Na san raba suyar nan yana gajiyarwa, musamman ga mai goyo. Amma in kika juye duka a tukunya ɗaya, zafin zai faɗi, kayan lambu su saki ruwa, ki tashi da dafa-duka mai launin ɗorawa.

Me ya sa tawa kullum sai ta caɓe?

Ruwa ne, ta ƙofofi da yawa yake shigowa. Ƙofa ta farko sabuwar shinkafa. Wadda aka casa ba da daɗewa ba, ta damina a ƙarshen shekara ko ta rani da ke shigowa kasuwa kafin ruwa ya sauka, tana da sauran danshi a jikinta, ba ta shan ruwa kamar wadda ta yi watanni a buhu. In sabuwa ce, rage romon zuwa gwangwani 5 ko ƙasa da haka. Tambayi mai awon, sun sani. Ƙa'idata ita ce gara ruwa ya kasa: in ta tsotse ba ta nuna ba, yayyafa rabin gwangwani ki rufe. In ya yi yawa kuwa babu hanyar kwashe shi.

Ta biyu, wasu suna fara tafasa shinkafar su wanke, sannan su zuba mata romo cikakken awo kamar ɗanya. In kin yi tafasa ɗaya, romon kada ya wuce saman shinkafar. Ta uku, suya da zafinta tana tururi. Ta huɗu, kayan lambu da aka wanke ba a tsane ba. Ta biyar, rufe kula da zarar an sauke: tururin yana taruwa a murfi ya koma ciki. Ki bar ta minti biyar a buɗe, ko ki shimfiɗa tsabtataccen ƙyalle a ƙarƙashin murfin.

In ta riga ta ɗan yi laushi, kada ki zubar. Baza ta siriri a tire gaban fanka rabin awa, sannan ki soya kaɗan-kaɗan da wuta mai ƙarfi. Tana gyaruwa fiye da yadda ake zato.

Na yi, amma ta fito da ɗaci da warin magani. Ina na kuskure?

Ɗayan uku. Ko kin cika kurkum don neman launi, ko kin barbaɗa shi a kan dafaffiyar shinkafa bai soyu ba, ko kuma ya ƙone. Ɗanyen gari yana da gafi da warin ƙasa, mai ne ke kashe su. Sinadarin da ke ba shi launi, wanda ake kira kurkumin, ba ya narkewa a ruwa sai a mai, shi ya sa cokali ɗaya da aka soya ya fi cokali biyu da aka zuba a ruwa rina shinkafa. Amma gari ne mai laushi, in man ya yi zafi har yana hayaƙi, nan da nan zai yi baƙi ya yi ɗaci. In ya ƙone, zubar da man ki sake, kada ki ji asara. Ɗacin da bai yi yawa ba, 'yan ɗigon lemun tsami da ɗan man shanu a ƙarshe suna rufe shi.

Ɗanyen kurkum ya fi ko gari? Kuma yaya zan gane mai kyau?

Ɗanye ya fi ƙamshi, gari ya fi launi. In ɗanye za ki sa, kankare ki goga kamar babban cokali ɗaya a madadin ƙaramin cokali ɗaya na gari.

Ni dai busasshiyar saiwar nake saya a wurin masu kayan yaji, in wanke, in shanya, in farfasa a turmi, sannan in kai inji ko in daka in tankaɗe. Tana da tauri ƙwarai, amma na san abin da ke cikin kwalbata. Gari a buɗe ana iya haɗa shi da garin rogo ko na masara a ƙara masa kala. Ba ƙaramar magana ba ce: a 2019 masu bincike daga jami'ar Stanford ta Amurka sun bayyana yadda ake shafa wa saiwar kurkum wani fenti mai dalma a ƙasar Bangaladash don ta yi haske, kuma dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Saboda haka launin da ya cika ƙyalli ba shi ne alamar kyau ba. Na ƙwarai yana da ɗan duhu, yana da ƙamshi mai kama da citta in kin murza, kuma in kin zuba a kofin ruwan ɗumi ba ki motsa ba, yana sauka ƙasa a hankali, ruwan ya yi rawaya fayau. Wanda ya rine ruwa nan take kamar lemun kwalba, ki guje shi. In na gwangwani ko leda za ki saya, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A ajiye a kwalba mai murfi nesa da rana, haske yana cinye launinsa.

Inna, na sa kanwa don ta yi saurin nuna, sai ta koma ja kamar jalof!

Ɗiyata, ba ki lalata komai da ba a gyarawa ba, amma kada ki ƙara. Halin kurkum ke nan: ya haɗu da kanwa, ko toka, ko sabulu, sai ya juye ja. Ya haɗu da tsami, ya dawo rawaya. Matsa lemun tsami kaɗan ki juya za ki gani da idonki. Kanwa ta wake ce, shinkafa ba ta bukatarta, tana ma sa ta laushin da ba ma so.

Karas da koren wake sun yi tsada, ko ma babu su a garinmu. Da me zan maye?

Yawancinsu daga nesa ake kawo mana su, sun fi araha da sanyi. In babu, kada ki fasa. Albasa muna da ita, ta Aliero ba ta da na biyu: soya ta da yawa har ta yi ja, ki ware rabi ki watsa a sama. Lawashi yana ba da kore. Kabeji da aka yanka siriri yana shiga a minti na ƙarshe. Ɗanyar masara da aka dafa aka ɓare tana yi da damina. Ganyen zogale da aka ɗan tafasa aka matse sosai, cikin hannu ɗaya, ya dace da kurkum ƙwarai, kuma yaran da ke ƙin kwaɗo suna cinye shi a haka. Ƙwai biyu da aka soya aka dagargaza suna tsaya wa hanta. Tumatir ne kawai ban yarda da shi ba a ciki, ruwansa ya yi yawa.

Zan iya yi da manja?

Zai ci, amma ya zama wani abinci. Manja yana danne launin kurkum da ƙamshinsa. Man gyaɗa ne nata, da ɗan man shanu a ƙarshe ga mai so.

Mu mutanen bakin gulbi ne, kifi ya fi mana sauƙi. Zai yi a madadin kaza?

Sosai. Giwan ruwa ya fi dacewa, tsokarsa tana da ƙarfi, ƙaya kaɗan. Yi romon da kai da ƙashin, minti ashirin kawai, da citta mai ɗan yawa, ki tace da kyau. Tsokar kuma ki shafa mata kurkum da gishiri da lemun tsami ki soya dabam, kurkum yana rage ƙarni. Kada ki juya kifin cikin shinkafa, ɗora shi a sama. Busasshiyar tarwaɗa ta Yauri ma tana ba da romo mai daɗi, sai dai launin zai ɗan yi duhu.

Hajiya, ni ɗalibi ne, kurfoti gare ni ba gas ba. Zan iya?

Za ka iya, Malam, gawayi ma ya fi ƙaramin risho ba da zafin da suya ke so. Dabarar ita ce ka juya tsarin wutar. Lokacin dahuwa, da ta tafasa ka kwashe yawancin garwashin, ka bar kaɗan, in da hali ka ɗora 'yan ƙwayoyi a kan murfi. Lokacin suya ka mayar da su, ka fifita har su yi jawur. In tukunyarka mai siririn gindi ce, sa faifan ƙarfe ko tsohon murfi a ƙarƙashinta don kada ta yi ƙanzo tun ba ta nuna ba.

Zan iya ajiye ragowar zuwa gobe?

A nan nake roƙon a saurare ni da kyau, domin na ga gidan da yara huɗu suka kwana suna amai bayan walima. Shinkafa tana ɗauke da wata ƙwayar cuta da tafasa ba ta kashe irinta. In dafaffiya ta zauna da ɗumi, ƙwayar tana farfaɗowa ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe wannan gubar ko da shinkafar ta yi zafi tana tururi. Wani lokaci ko wari ba za ki ji ba. Ga shi soyayya tana da hanta da kayan lambu, ta fi fara saurin lalacewa. Ga kuma zafinmu na Maris da Afrilu da ke haura digiri 40.

Saboda haka ragowar ta huce a baje, ta shiga firji cikin awa ɗaya, a cinye washegari, a ɗumama sau ɗaya tak har cikinta ya yi zafi. In babu tabbacin wuta, dafa daidai cikinku, abin da ya saura a miƙa wa maƙwabta da almajirai tun da zafinsa. Kula tana riƙe ta na 'yan awoyi, ba kwana ba. Kurkum ba ya hana ta lalacewa, kada wani ya gaya miki haka.

An ce kurkum magani ne. Mai ciwon suga zai iya cin ta yadda yake so? Mai ciki fa?

Kurkumin da ake yabo kusan kaso 3 ne cikin 100 na garin, kuma cokali ɗaya muka raba wa mutum biyar. An yi bincike a Indiya a 1998 da ya nuna sinadarin da ke cikin masoro yana taimaka wa jiki ya karɓe shi, wannan na cikin dalilan haɗa su. Amma farantin nan shinkafa ce da mai. Mai ciwon suga ya ci kaɗan kamar yadda likitansa ya tsara masa, ya yawaita ganye da kifi, kada launin ya ruɗe shi ya bar maganinsa. Mai ciki za ta ci abinta, awon girki ba ya cutarwa. Wanda ake jan kunne a kai shi ne shan garin cokali-cokali ko ƙwayoyinsa, musamman ga mai ciki, mai tsakuwar matsarmama, da mai shan maganin tsinka jini.

In na taro zan yi, kamar mudu goma?

Kada ki ninka komai sau goma ki juye a tukunya ɗaya. Dafa a tukwane biyu ko uku, kuma ki rage ruwa kaɗan daga lissafi, babbar tukunya ba ta zubar da tururi kamar ƙarama. Soya kurkum ɗin duka a mai wuri ɗaya ki raba wa tukwanen daidai, don kada wata kula ta fi wata launi. Yanka kayan lambu tun dare, amma dahuwa da suya sai ranar. Ki lissafa daga lokacin rabo ki dawo baya, yadda kashi na ƙarshe zai sauka daf da zuwan baƙi. Mutum biyu a kan kasko biyu, ɗaya tana miƙo kaya.

Ya ɓata mini farce da roba da mayafi. Yaya zan fitar?

Hannu: murza da man gyaɗa tukuna, ki goge, sannan sabulu da lemun tsami. Na farce yakan kwana biyu kafin ya tafi. Muciya da ludayin katako ki ware ɗaya na wannan girkin, roba fara kuwa ki nisanta ta da shi, silba da tangaran ba sa kamawa. Mayafi kada ki sa masa ruwan zafi. Kankare abin da ya zuba, wanke da ruwan sanyi da sabulu. Tabon zai koma ja, kada gabanki ya faɗi, ɗauraye ki shanya shi a tsakiyar rana, wurin tabon yana kallon sama. In da saura da yamma, sake jiƙa shi ki mayar gobe.